Igor Sikorsky: Mutumin da ya jira shekara 30 kafin jirginsa ya ɗaga daga ƙasa

Bayan ƙaramar Sallah na sayi ɗan helikwafta mai rimot da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ranar farko, a wani filin ƙwallo da ke Aboabo, gaban yarana da na maƙwabta, na danna sandar wuta gaba ɗaya. Jirgin ya yi sama, ya juya kamar mai hajijiya, ya daki bango, farfela ta karye. Yara suka kwashe da dariya, ni kuwa wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai. Da dare ina laluben dalilin wannan juyi a intanet sai na ci karo da tarihin Igor Sikorsky, kuma shi ya hana ni jefa jirgin ƙarƙashin gado.

An haife shi a birnin Kiyef ran 25 ga Mayu 1889, lokacin Yukren tana ƙarƙashin daular Rasha. Babansa farfesa ne, masanin cutar ƙwaƙwalwa. Mamansa ta karanci likitanci, ita ce ta riƙa ba shi labarin zane-zanen Leonardo da Vinci. Yana ɗan shekara 12 ya haɗa ɗan helikwafta na wasa mai aiki da roba, ya kuma tashi.

A 1909 yayarsa Olga ta ba shi kuɗi, ya je Faris ya sayo injin Anzani mai ƙarfin doki 25. Helikwaftan da ya ƙera a shekarar ya yi ta girgiza, ya ƙi ɗagawa. Na biyun, a 1910, ya iya ɗaga nauyin kansa, amma da mutum a ciki ko gezau. Sai ya gane injinan zamanin ba su kai ba, ya jingine maganar ya koma kan jirgi mai fukafukai.

A nan ne ya yi suna. A 1911 injinsa ya mutu yana sama, ya yi saukar dole, da aka duba sai ga sauro ya toshe hanyar mai. To, in sauro ɗaya zai iya sauko da jirgi, ai inji ɗaya bai isa ba. A 1913 ya tashi da jirgi mai inji huɗu na farko a duniya, a 1914 kuma ya tuƙa wani ƙato, Ilya Muromets, daga Sant Fitasbag zuwa Kiyef ya dawo.

Juyin juya halin Rasha ya raba shi da komai. Ya sauka New York a Maris 1919 kusan hannu rabbana, yana koyar da 'yan'uwansa baƙi lissafi don ya samu na abinci. Mu 'yan Zongo mun san wannan hali, kakanninmu ma fatauci ya kawo su Kumasi, baƙi a ƙasar wasu. A 1923 ya buɗe kamfani a wata gonar kaji a Long Island, ma'aikata suna tsinto kayan aiki a wurin 'yan gwangwan, sai ka ce Suame Magazine. Shahararren makaɗin fiyano Rachmaninoff ya tallafa masa da dala 5,000. Daga baya jiragensa masu sauka a ruwa suka yi wa kamfanin Pan Am jigila a kan teku.

Amma helikwafta bai fita ransa ba. Ran 14 ga Satumba 1939, yana da shekara 50, ya hau VS-300 a garin Stratford da ke jihar Connecticut, da malafarsa a kai. An ɗaure jirgin da igiyoyi, ya ɗaga kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi. Sai 13 ga Mayu 1940 ya tashi ba igiya. Ran 6 ga Mayu 1941 ya yi awa 1 da minti 32 a sama, ya kafa tarihi.

Matsalar da ya yi ta fama da ita, ita ce ta kayar da ni. In babbar farfela tana juyawa gefe ɗaya, jikin jirgin yana neman juyawa ɗaya gefen. Ya gwada tsari iri-iri, har ya tsaya kan ƙaramar farfela guda a wutsiya, mai riƙe jirgin kada ya juya. Yawancin helikwaftocin duniya a kan wannan tsari suke har yau, har da ɗan nawa.

Abin da ya fi alfahari da shi ceton rai ne. A Afrilu 1944 aka kwaso sojoji huɗu daga dajin Bama da jirginsa ƙirar R-4, ƙasar da sojojin Gwalkwas da Najeriya suka yi yaƙi. Ya mutu ran 26 ga Oktoba 1972 yana da shekara 83.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne igiyar nan. Mutumin da ya tuƙa jirgi mai inji huɗu bai ji kunyar a ɗaure shi yana koyo ba. Na sayi sabuwar farfela, na ɗaura sanduna biyu gicciye a ƙafafun jirgin da ƙwallayen tebur a bakinsu don kar ya kife. Na kuma canza fili, domin Aboabo na kusa da filin jirgin sama, bai kamata a saki irin wannan abu a wurin ba. Ina fita bayan Asuba kafin iska ta taso, in juyo wutsiyar jirgin wajena don hagunsa ya zama haguna, in ɗaga shi iya gwiwa, in sauke. Yara kuma baya suke tsayawa, farfelar nan tana yanka. Batir 'yan mintoci yake yi, in ya huce in sa caji ina wurin.

Sati uku ke nan. Jiya na tsayar da shi wuri ɗaya har babban ɗana ya ƙirga ashirin. Yanzu shi ma ya matsa sai na ba shi rimot, na ce masa sai ya koyi saukewa tukuna.