Abdu Mumuni, malamin da ya auna rana

An haihi Abdu Mumuni Joho a Tasawa cikin shekara ta 1929. Ya hwara lakkwal a nan ƙasarmu Nijar, sannan anka aika shi Senegal, makarantar William Ponty. Daga can ya wuce Faransa. Abin da ya karanta shi ne lissahi da fizik, wato ilimin sanin yadda haske, zahi da ƙarhi suke aiki. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa cikin wannan ilimi. A 1967 ya samu digirin dakta.

Da ya komo Afirka ya koyar da yara a Dakar, Konakiri da Yamai. Ya yi aiki a Bamako, ƙasar Mali. A 1969 anka ba shi shugabancin ONERSOL, ma'aikatar binciken hasken rana ta Yamai, ya riƙe ta har 1985.

Mi ya sa ya zaɓi rana? Ku duba nan Sanam da sauran ƙasar Kurhwai. Icce na ƙarewa, mata na tahiya nesa garin neman na tuwo, daji na zama hili. Amma rana ba ta ƙaranci, kuma ba a sayen ta. Abdu Mumuni ya ga mai son sa rana aiki sai ya san awonta tukuna.

To, nan wuyar take. Zahin hantsi daban, na tsakar rana daban, na la'asar daban. Ƙaƙa za a san jimillar zahin wuni guda? Akwai dabara. Manomi mai gona karkatatta, in yana son sanin girmanta, sai ya raba ta kunya kunya, ya auna kowace, ya tara. Haka masu lissahi ke yi da wuni. Su yanka shi guntu guntu, su auna zahin kowane guntu, su haɗa. Iyakar ƙanƙantar guntayen, iyakar gaskiyar amsa. Wannan lissahi shi ake kira antegiral. Newton na Ingila da Leibniz na Jamus sunka tsara shi sama da shekara 300 da sunka wuce.

Da irin wannan awo anka gane abin mamaki. A ƙasarmu, hili mai mita 1 tsawo da mita 1 hwaɗi na samun zahin da, in da za a kama shi duka, ya isa ya tahwasa ruwa sama da lita 60 a wuni guda. Abdu Mumuni ya yi bincike kan madubi mai siffar kasko, wanda ke tara haske wuri ɗaya. A ONERSOL, shi da ma'aikatansa sun ƙera kayan ɗuma ruwa, da murhun dahuwa, da kayan tace ruwa, duk da rana suke aiki.

Bai tsaya nan ba. A 1964 ya fitar da littahi kan ilimi a Afirka. Cikinsa ya nuna ya kamata a koyar da yara da manya cikin harshen da sunka sha a nono. Ke nan karatun Hausa da muke yi a ajin yaƙi da jahilci yana cikin abin da ya yi wa gwagwarmaya.

A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Allah ya yi masa rasuwa a 1991. A 1992 anka sa wa jami'ar sunansa.

Jama'a, yau ga hwaranti mai ɗaukar hasken rana bisa ɗakuna, yana kunna hitila, yana cika salula, yana jawo ruwan rijiya. Mutumin da ya buɗa mana wannan hanya a Nijar da ƙidayar 1, 2, 3 ya hwara, kamar kowa. Mu riƙe karatunmu, mu sa ɗiyanmu lakkwal, maza da mata. Allah ya jiƙan Abdu Mumuni.