Tarihin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa Da Bayanin Mulkin Majalisa

Yau za mu kawo tarihin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, wanda shi kaɗai ne ya taɓa riƙe muƙamin Firayim Minista a Nijeriya. Ba a gane rayuwarsa sosai sai an gane irin mulkin da ya yi aiki a cikinsa, watau mulkin majalisa wanda aka gada daga Ingila. A wannan tsari ikon shugaba aro ne daga hannun wakilai, ran da suka janye hannunsu kuwa sai ya sauka.

An haife shi a garin Tafawa Ɓalewa ta ƙasar Bauci cikin shekarar 1912. Shi ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa Yakubu ɗan Zala yana aiki ne a gidan hakimin Lere. Ya fara da karatun allo, sa'an nan aka sa shi makarantar boko, har ya kai Kwalejin Katsina, inda ya zauna daga 1928 zuwa 1933. Da ya gama ya koma Bauci yana koyarwa a Makarantar Midil, har ya zama shugabanta. A waɗannan shekaru ne ya wallafa littafin Shaihu Umar, wanda ya ba da labarin zamanin bauta da ƙetare hamada. Cikin 1945 aka aika da shi Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa.

Da ya komo aka zaɓe shi cikin Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, cikin 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta Ikko. Nan aka san shi da nutsuwa da daɗin lafazi, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Cikin Agusta 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo shawarar a binciki mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ya sami bakin magana, a kuma rage toshi da zalunci. A lokacin nan maganar tana da nauyi ƙwarai a bakin wanda ba ɗan sarki ba, amma ya faɗe ta, aka kuwa fara gyara a hankali.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu bayyana yadda mulkin majalisa ya ke. A kan raba ƙasa mazaɓa mazaɓa, kowace ta aika da wakili guda. Jama'a ba su jefa wa shugaban gwamnati ƙuri'a kai tsaye, shi ma wakilin mazaɓa ɗaya ne kamar sauran. In an gama zaɓe, sai Gwamna-Janar ya duba wanda fiye da rabin wakilai su ke goyon bayansa, ya kira shi ya kafa gwamnati. Ministocinsa duka daga cikin 'yan majalisa a ke ɗaukarsu, suna zaune tare da sauran wakilai, ana yi musu tambaya suna amsawa. Ba a aza haraji, ba a kuma kashe ko kwabo daga baitulmali, sai majalisa ta yarda. Waɗanda ba su sami rinjaye ba su kan zauna daura da gwamnati, aikinsu shi ne tonon kuskurenta, su ne 'yan hamayya. In wata rana yawancin wakilai suka ce ba su amince da gwamnati ba, sai ta sauka ko kuwa a rushe majalisa a sake zaɓe.

Fatake sun san misalin wannan. Madugu shi ke gaban ayari, shi ke zaɓen zango, shi ke daidaita kuɗin fito da masu kogi, amma kayan da ke bisa jakuna ba nasa ba ne, kuma in fatake suka daina yarda da shi, tafiya ta gaba wani za su bi. Haka Firayim Minista ya ke da majalisa.

Cikin 1952 Abubakar ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri, cikin 1957 kuwa aka naɗa shi Firayim Minista, ya kafa gwamnati wadda ta haɗa manyan jam'iyyu uku domin a nemi mulkin kai da murya ɗaya. Sai dai akwai wani abu da ya bambanta shi da takwarorinsa na Ingila. Can shugaban jam'iyya shi ke zama Firayim Minista. Nan kuwa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau N.P.C., shi ne Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya zaɓi ya zauna Kaduna yana Firimiya, Abubakar kuwa mataimakinsa ne a jam'iyya. Saboda haka kullum yana sauraron wuri biyu, majalisa a Ikko da jam'iyya a Kaduna.

Zaɓen Disamba 1959 shi ya nuna yadda lissafin kujeru ke hukunci. Kujerun Majalisar Wakilai 312 ne: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Mai son kafa gwamnati yana bukatar 157. N.P.C. ta ci 134, N.C.N.C. ta Dokta Azikiwe tare da abokiyarta N.E.P.U. ta Malam Aminu Kano suka ci 89, A.G. ta Cif Awolowo ta ci 73. Ba wadda ta isa ita kaɗai, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Sai N.P.C. da N.C.N.C. suka haɗa gwiwa. Abubakar ya ci gaba da muƙaminsa, ma'aikatar kuɗi ta zauna hannun Cif Festus Okotie-Eboh na N.C.N.C., Azikiwe ya zama Gwamna-Janar cikin Nuwamba 1960, Awolowo kuma ya zama shugaban 'yan hamayya. Da wannan tsari aka karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960.

Gwamnatin haɗin gwiwa tilas ta sa kowane abokin tarayya ya sami abin da zai nuna wa mutanensa, kuma ana ganin alamar haka a ayyukan zamanin. Hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Bauci da Gombe ta isa Maiduguri cikin 1964. A shekarar nan aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji. Cikin 1965 aka buɗe matatar mai kusa da Fatakwal, aka kuma gama gadar kogin Kwara a Anaca.

Haka nan wajen hulɗa da ƙasashen waje. Abubakar mutum ne mai son tafiya sannu, mai kuma ƙaunar zumunci da Ingila. Cikin Nuwamba 1960 majalisa ta amince da yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila. 'Yan hamayya suka tashi a kanta, ɗalibai suka yi zanga-zanga har harabar majalisa, wasu ma daga cikin magoya bayan gwamnati suka ce wannan saura ne na mulkin mallaka. Ko da ya ke gwamnati tana da rinjaye, Abubakar ya ga riƙe yarjejeniyar zai ci masa amincin abokan tafiyarsa, sai aka soke ta cikin Janairu 1962. Da Faransa ta yi gwajin bom na nukiliya karo na uku a hamadar Aljeriya, jama'a suna tsoron iskar hunturu ta kwaso guba zuwa ƙasashenmu, sai gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa cikin Janairu 1961. Wajen Isra'ila kuwa ra'ayin abokan tarayya ya saɓa: gwamnatin tarayya ta bar ta ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko ta kuma karɓi rancenta, gwamnatin Arewa ta ƙi taimakonta, Abubakar ya tsaya a kan cewa hulɗar waje hurumin tarayya ce. Yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila cikin 1961 saboda wariyar launin fata. Ya aika da soja da 'yan sanda Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma halarci kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa cikin Mayu 1963.

Amma mulkin da ya dogara ga ƙirga ba ya zama lafiya sai kowa ya yarda da ƙirgar, daga nan kuwa ɓaraka ta fito. Da ya ke ana raba kujeru bisa yawan mutane, sai ƙidayar jama'a ta zama fagen faɗa. Aka yi ta 1962 aka soke, aka sake cikin 1963, ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, fiye da rabi a Arewa, Firimiyan Gabas Dokta Okpara ya ce bai yarda ba. Kafin haka, cikin Mayu 1962, rigima tsakanin Awolowo da Cif Akintola ta kai wakilai suna jifan juna da kujeru a majalisar Badun, majalisar tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, aka ɗora Dokta Majekodunmi ya riƙe ta. Cikin 1963 kotu ta ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin shirin kifar da gwamnati. Ta haka sashen hamayya ya raunana, majalisa kuwa in ba mai tsawatarwa a cikinta, sai masu ƙorafi su kai kukansu titi.

Ran 1 ga Oktoba 1963 ƙasa ta zama jamhuriya, Azikiwe ya zama Shugaban Ƙasa, amma ikon zartarwa yana hannun Firayim Minista. Haɗin gwiwar 1959 ya watse kafin zaɓen 30 ga Disamba 1964, N.C.N.C. da abokanta suka ce an hana 'yan takararsu tsayawa, suka ƙaurace wa zaɓen a wurare da yawa. Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Abubakar ya kafa gwamnati ba, sai da Babban Joji Sir Adetokunbo Ademola da wasu suka shiga tsakani, ran 4 ga Janairu 1965 aka daidaita a kan gwamnati mai faɗi. Zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 ya fi wannan muni, aka yi ta ƙone-ƙone da kisa. Masu sukarsa sun riƙe masa cewa ya kafa dokar ta-ɓaci cikin 1962 kan abin da bai kai wannan ba, ya kuma ƙi kafa ta yanzu da Akintola ya zama abokin jam'iyyarsa. Wannan suka tana da tushe, kuma tana nuna iyakar ikon shugaban da kujerarsa ke hannun abokan tarayya.

Cikin Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko kan maganar Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Bayan kwana kaɗan, daren 15 ga wata, cikin azumin Ramadan, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A wannan dare aka kashe Sardauna da Akintola, Okotie-Eboh ma bai tsira ba. Bayan kwanaki aka sami gawar Abubakar a gefen hanya bayan garin Ikko, aka kai shi Bauci aka rufe, yana da shekara 53. Abokai da abokan hamayya sun shaide shi da haƙuri da rashin tara dukiya. Da rasuwarsa mulkin majalisa ya ƙare a Nijeriya, domin da farar hula suka komo cikin 1979 sai aka ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka.

'Yan kasuwa sun san ciniki yana jure taya mai zafi da musu mai tsawo, amma ba ya jure mudun algus. Muddin aka yarda da lissafin kujeru, haƙurin Abubakar ya riƙe jam'iyyu masu saɓani har suka yi aiki tare, suka kuma juya shi a kan yarjejeniyar tsaro ba tare da an zub da jini ba. Sa'ad da aka daina yarda da ƙidaya da akwatin ƙuri'a, haƙurinsa bai isa ya tare abin da ya biyo baya ba. Allah Ya gafarta masa. Wassalamu.