Muhammadu al-Katsinawi: masanin lissafi da taurari da ya kwanta dama a Alƙahira

A shekarar 2008 masana falaki suka ɗauki hoton wasu manyan duniyoyi uku da ke kewaya tauraron HR 8799, da na'urorin hangen nesa na Keck da Gemini a tsibirin Hawai. Kowace cikinsu ta ninka Mushtari nauyi. Tauraron jariri ne, bai wuce shekara miliyan 30 zuwa 40 ba, shi ya sa duniyoyin ke da sauran zafinsu har na'ura ta iya kama haskensu. Da yawanmu in mun ji irin wannan labari sai mu ce ai harkar Turawa ce. To, mu waiwayi wani namu.

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke kira al-Kashnawi, Bafulatanin ƙasar Katsina ne. Ya yi karatu a wajen malaman ƙasar Hausa da Barno, cikinsu har da Shehu Muhammadu Bindu. Wajen 1730 ya kama hanyar Makka, zamanin da aikin hajji tafiyar watanni ce a ƙasa da kan raƙumi. Bayan ya sauke farali bai komo gida ba.

A 1732 ya kammala Bahjat al-Afaq, littafi kan ilmin wafaƙi, wato jera lambobi a cikin hatimi yadda duk layin da ka tara, a tsaye, a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ka samu. Hatimi mai gida tara, misali, kowane layinsa 15 ne. Malam ya bayyana ƙa'idojin gina masu layi uku, biyar, bakwai da sauransu, kuma har gobe masu tarihin lissafi na nazarin su. Ya kuma rubuta al-Durr al-Manzum kan taurari da ɗalasimai.

A nan sai an yi adalci. Aikinsa ya haɗa lissafi tsantsa da abin da ya shafi duba, kuma malamai da dama ba su aminta da wannan ɓangare ba. Amma ƙididdigar tafiyar rana da wata, wadda da ita ake sanin lokutan salla da alƙibla, daban take da duba.

Ƙarshen rayuwarsa a Alƙahira ya yi shi, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, shi ma masanin falaki, mahaifin marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti. A nan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.

Iyaye na zangunan Kwatano, in yaro ko yarinya suka nuna son lissafi ko suka yawaita tambaya kan sama, kada a kashe musu gwiwa da cewa ba layinmu ba ne. Gado ne. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa.