Jackie Robinson: Ɗalibin jami'ar da ya karya shingen wariyar launin fata a ranar buɗe wasa

Duk wanda ya taɓa yin sammako daga Gouna ko Mirriya don ya samu wurin zama a filin kokowa na Zinder ranar buɗe gasa, ya san abin da wannan rana take nufi ga ɗan kallo. Makaɗa na kiɗa, ƴan kokowa na kirari, kowa ya zo da gwaninsa, kuma ba wanda aka kayar tukuna.

Amurkawa ma suna da irin wannan rana a wasansu na besbol. Ƙungiyoyin jami'o'i kan buɗe kakarsu a watan Fabrairu, manyan ƙungiyoyi kuma a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Tun daga 1910 shugabannin ƙasar suka fara al'adar zuwa fili su jefa ƙwallon farko. Sai dai a tarihin wasan babu ranar buɗewa da ake tunawa kamar 15 ga Afrilu, 1947, ranar da Jackie Robinson, wani baƙar fata ɗan shekara 28, ya shiga fili da rigar ƙungiyar Brooklyn Dodgers.

Ga wanda bai san besbol ba, ƙungiyoyi biyu ne masu mutum tara-tara. Ɗan wasa ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya doke ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi uku ya dawo inda ya fara, wato gida. Duk wanda ya dawo gida ba a fitar da shi ba, ya ci maki ɗaya.

Daga gonar Jojiya zuwa Kaliforniya

An haifi Jack Roosevelt Robinson ranar 31 ga Janairu, 1919, a garin Cairo na jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. Shi ne auta a cikin ƴaƴa biyar. Iyayensa manoma ne marasa gona, suna noma ƙasar wani farar fata ana raba amfanin da shi. Yana jariri mahaifinsa ya bar gida bai dawo ba. A 1920 mahaifiyarsa Mallie ta kwashe yaran zuwa birnin Pasadena a jihar Kaliforniya, inda ta riƙa aikatau a gidajen masu hali har ta samu suka mallaki gida a unguwar da yawancin mazaunanta fararen fata ne, waɗanda ba su yi maraba da su ba.

Gidan ya fitar da ƴan wasa. Yayansa Mack ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1936 a Berlin, ya zo na biyu a tseren mita 200, bayan Jesse Owens. Da ya dawo gida da lambar azurfa, aikin da ya samu shi ne sharar titi. Jackie yana ɗan shekara 17 a lokacin, kuma ya ga yadda ƙasarsa ta saka wa ɗan'uwansa.

Wasan da ya fi ba shi wahala a jami'a

Bayan karatu a kwalejin Pasadena, Robinson ya shiga jami'ar UCLA a birnin Los Angeles a 1939. Shi ne ɗalibi na farko a tarihin jami'ar da ya wakilce ta a wasanni huɗu: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da guje-guje da tsalle-tsalle. A 1940 ya zama zakaran dogon tsalle na jami'o'in ƙasar, da tsallen mita 7.58.

Abin mamaki, besbol ne wasan da ya fi rauni a kai. Ƴan kallon da suka je wasansa na farko a jami'a sun ga abin da ya burge su, domin sau huɗu ya tsaya dukan ƙwallo kuma duka huɗun ya yi nasara, sannan sau biyu ya saci jiki ya ruga gida ya ci maki kafin masu tsaro su farga. Daga nan abin ya lalace. Da aka tattara lissafin kakar, ko sau ɗaya cikin goma bai kai ba wajen dukan da ya yi amfani. Kaka ɗaya tak ya buga wa jami'ar besbol.

A UCLA ya haɗu da Rachel Isum, ɗaliba mai koyon aikin jinya, wadda daga baya ta zama matarsa. A 1941 ya bar jami'a ana dab da kammalawa domin ya nemi kuɗin taimakon mahaifiyarsa. Ya je Honolulu buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ya baro garin ranar 5 ga Disamba, kwana biyu kafin jiragen Japan su kai hari Pearl Harbor.

Kujerar bas da kotun soja

A 1942 aka ɗauke shi soja. A barikin Fort Riley da ke Kansas an yi ta jan ƙafa wajen barin baƙaƙen fata su shiga makarantar hafsoshi, sai da zakaran damben duniya Joe Louis, wanda shi ma yana barikin, ya sa baki. Robinson ya fito da muƙamin ƙaramin laftanan a Janairun 1943.

Ranar 6 ga Yuli, 1944, a wani bariki na jihar Texas, direban bas ɗin soja ya umarce shi ya koma kujerar baya, inda aka saba tura baƙaƙe. Ya ƙi tashi. Aka kama shi, aka gurfanar da shi gaban kotun soja, amma a watan Agusta kotun ta wanke shi. Wannan ya faru shekara 11 kafin Rosa Parks ta yi irin haka a Montgomery. Shari'ar ta hana shi bin rundunarsa zuwa fagen daga a Turai, kuma a Nuwamban shekarar aka sallame shi daga soja cikin mutunci.

Alƙawarin da ya ɗauka

A wancan lokaci babu rubutacciyar doka da ta hana baƙar fata buga babbar gasar besbol, amma masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun rufe ƙofa. Rabon da a ga baƙar fata a gasar tun 1884, lokacin Moses Fleetwood Walker. Baƙaƙe suna da tasu gasar daban, kuma a nan Robinson ya buga wa Kansas City Monarchs a 1945 kan dala 400 a wata. A Afrilun shekarar ƙungiyar Boston Red Sox ta gayyace shi gwaji shi da wasu biyu, amma abin na ganin ido ne kawai, ba ta sake nemansu ba.

Shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya daɗe yana neman baƙar fatan da zai fara da shi. Ranar 28 ga Agusta, 1945, ya zauna da Robinson kusan sa'o'i uku a ofishinsa, yana kwaikwayon irin zagi da cin mutuncin da zai fuskanta daga ƴan kallo, ƴan wasa da masu otal. Sharaɗinsa ɗaya ne: kome aka yi masa, kada ya rama a shekarun farko, domin faɗa ɗaya ya isa masu adawa su ce gwajin ya gaza. Ga mutumin da ya ƙi tashi daga kujerar bas, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Ya amince.

Aka tura shi Montreal Royals ta ƙasar Kanada, ƙaramar ƙungiyar da Dodgers ke renon ƴan wasanta. Ya auri Rachel ranar 10 ga Fabrairu, 1946, kuma tafiyarsu ta farko zuwa atisaye a Florida ce. A hanya aka hana su kujerun jirgin sama, suka ƙarasa a bayan bas. A Jacksonville hukumomi sun garƙame fili don kada ya buga.

Ranar buɗe wasa, 18 ga Afrilu, 1946, a Jersey City, ya yi duka huɗu masu kyau cikin biyar, ɗaya har ƙwallon ta tsallake shinge, Montreal ta ci 14 da 1. Ya ƙare kakar a matsayin wanda ya fi kowa iya duka a gasar, mutanen Montreal kuma suka riƙe shi kamar ɗan gida.

Ranar 15 ga Afrilu

Mutum 26,623 ne suka shiga filin Ebbets na Brooklyn a ranar, fiye da 14,000 daga cikinsu baƙaƙen fata. Filin ma bai cika ba. Robinson, sanye da lamba 42, ya tsare tasha ta farko a karawa da Boston Braves. Bai samu duka mai kyau ko ɗaya ba, amma a zagaye na bakwai kuskuren abokan hamayya ya ba shi hanya, ya dawo gida da makin da ya sa Dodgers gaba. An tashi 5 da 3.

Wahalar ta biyo baya. Tun kafin a fara kaka wasu abokan wasansa sun yi yunƙurin tattara sa hannu don kada su buga tare da shi, sai da mai horarwa Leo Durocher ya tsawatar. Mako ɗaya bayan buɗewa, ƴan Philadelphia Phillies ƙarƙashin mai horar da su Ben Chapman suka yi ta yi masa zagin launin fata tun daga farkon wasa har ƙarshe. Wani otal a Philadelphia ya ƙi saukar da shi. Wasiƙun barazanar kisa sun riƙa zuwa. Masu jifa sukan auna jikinsa, kuma a watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da takalmi mai ƙusoshi. Duk bai rama ba.

A fili ya mayar da martani. Ya ci maki 125, ya saci tasha sau 29, fiye da kowa a rukuninsu, aka ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasa, karo na farko da aka fara bayar da ita. Albashinsa dala 5,000 ne, mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Duk garin da Dodgers ta je, baƙaƙen fata kan yi ayari daga nesa su zo kallo, masu ƙungiyoyi kuma suka ga kuɗin da wariya ke hana su. A watan Yuli Cleveland ta ɗauki Larry Doby. Boston Red Sox, wadda ta yi masa gwajin ganin ido, ita ce ta ƙarshe, sai a 1959.

A 1949 Rickey ya sakar masa mara. Robinson ya fara musu da alƙalan wasa, yana faɗin ra'ayinsa ga manema labarai, wasu da suka yaba masa lokacin da yake shiru kuma suka juya masa baya. A shekarar aka zaɓe shi ɗan wasa mafi daraja a rukuninsu. Cikin shekara goma ya kai Dodgers wasan ƙarshe sau shida, suka ɗauki kofi a 1955 bayan doke New York Yankees.

Bayan ya ajiye sanda

Ya yi ritaya a Janairun 1957, ya zama mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts. Ya jagoranci tara wa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP kuɗi, ya halarci gangamin Washington na 1963 tare da Martin Luther King, ya kuma taimaka wajen kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem a 1964. A 1962 ya zama baƙar fata na farko da aka shigar zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown.

Siyasarsa ta jawo masa suka daga nasa mutanen. A 1949 ya bayar da bahasi gaban wani kwamitin majalisa inda ya ƙalubalanci kalaman mawaƙi Paul Robeson, a 1960 kuma ya goyi bayan Richard Nixon. Daga baya ya nuna nadama kan duka biyun. Malcolm X ya sha caccakarsa a bainar jama'a, shi ma yana mayarwa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. Babban ɗansa ya dawo daga yaƙin Vietnam da rauni da matsalar ƙwaya, ya samu ya daina har yana taimakon wasu, sai hatsarin mota ya kashe shi a Yunin 1971 yana ɗan shekara 24. Shi kuma Robinson ciwon suga da na zuciya sun ci ƙarfinsa, idanunsa sun kusa rufewa.

Ranar 15 ga Oktoba, 1972, aka karrama shi a filin Cincinnati, ya yi amfani da damar ya nuna cewa har yanzu babu baƙar fata ko ɗaya da ke horar da babbar ƙungiya. Kwana tara bayan haka, ranar 24 ga Oktoba, ya mutu a gidansa da ke Stamford yana da shekara 53. Sai a 1975 Frank Robinson, wanda ba danginsa ba ne, ya fara horar da Cleveland.

A 1973 Rachel ta kafa gidauniya da sunansa mai ɗaukar nauyin karatun ɗalibai a jami'o'i. Autansu ya koma Tanzaniya yana noman kofi. A 1997 hukumar besbol ta jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi, kuma tun 2009 kowane ɗan wasa kan sa ta ranar 15 ga Afrilu.

A 1981 jami'ar UCLA ta buɗe filin besbol mai ɗauke da sunan Jackie Robinson a Los Angeles. Nan ɗalibai da iyaye ke zuwa kallon wasannin farkon kaka, a filin da aka raɗa wa sunan ɗalibin da bai kai ko ɗaya cikin goma ba a kaka ɗayar da ya buga musu.