Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da ya mayar da laka abin ado a birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau, ya ɗaga kai ya dubi rufin, zai ga aikin mutumin da ya rasu tun ƙarni na 19 amma hannunsa bai gushe ba. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ila, jama'a kuwa suka fi saninsa da Babban Gwani.

Ya yi tashe a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma shi ne ya ɗora masa aikin gina masallacin. Babu siminti, babu rodi. Kayan aikinsa su ne waɗanda kowa ke takawa ya wuce: jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka yi tubali, azara daga itacen giginya wadda gara ba ta ci, da makuba daga ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwan sama.

Gwanintarsa ta fito ne a wajen bakan gizo. Azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufi mai faɗi, saboda haka sai a jera gajeru hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara ya ɗaga tulluwa a kan manyan ginshiƙai, ya samar da fili mai yalwa ga masallata. Sannan ya bi jikin ginshiƙan da zane mai tudu da kwari, wanda ake fitarwa da hannu tun laka na ɗanya. Babu siffar mutum ko dabba, sai layuka da da'irori da kusurwoyi, daidai da abin da ya dace da ɗakin Allah.

Sunansa ya wuce Zazzau. Ana jingina masa ginin Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Labarin baka kuma na cewa ƙarshensa ya zo ne a Birnin Gwari, inda ya gina wani masallaci, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. A birnin Zariya har yau akwai unguwar da ke ɗauke da sunan Babban Gwani, zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe sana'ar.

Magina na baya sun ɗora a kan abin da ya bari. A ƙarni na 20 sun riƙa ƙawata fuskar zaure da siffar keke da mota, suna kafa kwanonin sha da faranti masu launi a rufin ɗaki. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Shi kuwa na asalin, an kewaye shi da ginin zamani a shekarun 1970.

Masallacin ya tsira, amma gidajen cikin ganuwa ba su yi wannan sa'a ba. Kowace damina bango na zubewa, wanda ya samu kuɗi kuma sai ya rushe zauren kakansa ya kafa bulo. Yaɓe da makuba ba su kai kuɗin tirelar siminti ba, sai dai masu iya su na ƙarewa. Attajiri ko ma'aikacin da ya gaji zaure mai zane, in ya kira magini ya gyara maimakon ya rushe, ya ba wani yaro dalilin koyon sana'ar. Allah Ya jiƙan Babban Gwani da rahama.