Abraham Zapruder (1905–1970): Maɗinkin da Kyamararsa ta Zama Shaida

An haifi Abraham Zapruder ranar 15 ga Mayu, 1905, a garin Kovel da ke ƙarƙashin daular Rasha a wancan zamani, a yau kuma cikin ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne. A shekarar 1920 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zauna a Brooklyn ta birnin New York, inda ya koyi sana'ar fitar da samfurin tufafi. A 1941 ya koma Dallas ta jihar Texas, daga bisani ya shiga haɗin gwiwar kafa kamfanin ɗinka kayan mata mai suna Jennifer Juniors, wanda ofishinsa ke gab da dandalin Dealey.

Ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ayarin Shugaba John F. Kennedy ya biyo ta wannan dandali. Zapruder, wanda masoyin shugaban ne, ya hau wani dakalin siminti riƙe da ƙaramar kyamarar Bell & Howell mai ɗaukar fim na milimita 8, da niyyar ajiye abin tunawa ga iyalinsa. Cikin daƙiƙa 26 da 'yan kai ya ɗauki hotuna 486 a jere, kuma a hoto na 313 ne harsashi ya sami shugaban a ka.

A ranar aka wanke fim ɗin, aka yi kwafi uku, ya miƙa biyu ga jami'an tsaron shugaban ƙasa. Mujallar Life ta saye shi kan dala 150,000. Kason farko na kuɗin, dala 25,000, ya ba da shi ga matar ɗan sandan nan J. D. Tippit da aka kashe a wannan rana.

Darajar fim ɗin ga masu bincike ita ce ya zame musu agogo. Da aka auna kyamarar, an gano tana ɗaukar hoto 18.3 a kowace daƙiƙa, don haka ana iya lissafa tazarar kowane motsi. Kwamitin Warren ya lura cewa tazarar da ke tsakanin raunin Kennedy da na Gwamna John Connally ta gaza daƙiƙa 2.3 da bindigar Lee Harvey Oswald ke buƙata kafin harbi na gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya ɗauki ra'ayin cewa harsashi guda ne ya raunata su biyun.

Sai dai shaidar tana da giɓi. Fim ɗin ba shi da sauti, saboda haka bai fayyace yawan harbin ba. Wani allon hanya ya kare motar a daidai lokacin raunin farko. Komawar jikin shugaban baya bayan hoto na 313 kuwa, wasu sun fassara ta da harbi daga gaba, yayin da masanin kimiyya Luis Alvarez ya nuna harbi daga baya ma na iya jawo ta. A nan gani bai kori ji ba, sai ma ya ƙara hura wutar muhawara.

Shi kansa Zapruder abin ya tsaya masa a rai. Ya zub da hawaye sa'ad da yake ba da shaida ga Kwamitin Warren a 1964, ya sake ba da ita a shari'ar Clay Shaw a New Orleans a 1969. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Dallas ranar 30 ga Agusta, 1970, shekara biyar kafin a nuna wa ɗaukacin Amurkawa fim ɗin a talbijin a 1975. A 1999 aka yanke cewa gwamnati ta biya magadansa dala miliyan 16 a kan asalin fim ɗin.

Ga manazarcin tarihin Nijeriya, akwai abin kwatance. Kisan Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ya bar motarsa mai ramukan harsasai a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan. Motar na nuna inda harsashi ya bi, fim ɗin Zapruder na nuna lokacin da ya sauka. Kowannensu yana buƙatar mai fassara, kuma a wurin fassarar ne sabani ke tasowa.