KARL LINIYAS, MAI RAƊA WA TSIRE-TSIRE SUNA

Duk malamin makarantar da ya taɓa buɗa littafin ilmin tsire-tsire ya ga sunayen Latin kalma biyu-biyu, sau da yawa da harafin L. a ƙarshensu. Gyaɗa ita ce Arachis hypogaea L., yakuwa kuwa Hibiscus sabdariffa L. Harafin nan shi ne farkon sunan wani masani mutumin ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, wanda Turawa su ke rubutawa Carl Linnaeus. Tarihinsa za mu kawo yau, domin akwai abin koyi a cikinsa, akwai kuma abin lura, musamman ga waɗanda aikinsu riƙon littattafai da takardu ne.

An haife shi ran 23 ga watan Mayu, 1707, a ƙauyen Rashult, kudancin Suwidin. Ubansa limamin Kirista ne mai son lambu, a wurinsa yaron ya fara koyon sunayen furanni. An so ya gaji uban, amma hankalinsa bai kwanta da wannan karatu ba, sai aka juya shi wajen aikin likita, da ya ke a zamanin nan galibin magunguna daga tsire-tsire a ke samunsu. Ya shiga jami'ar Lund cikin 1727, shekara ta kewayo ya koma ta Upsala. Cikin 1732 ya yi tafiyar wata biyar a Lapland, can ƙuryar arewa, yana tara tsire-tsire yana busarwa. Cikin 1735 ya tafi Holan, inda ya sami takardar shaidar likita. Ya komo gida cikin 1738, aka naɗa shi shaihun malami a Upsala cikin 1741.

Abu biyu ya yi waɗanda har gobe a ke cin moriyarsu. Na farko maganar suna. Kafin zamaninsa, sunan tsiro a wurin masana dogon bayani ne mai kalmomi da yawa, kowane marubuci kuwa da nasa. Cikin 1753 ya buga littafinsa Species Plantarum, inda ya jera tsire-tsire wajen iri 5,900, ya ba kowanne kalma biyu tak: ta farko kamar sunan zuriya, ta biyu kamar sunan yanka. Daga baya masana su ka yi ittifaƙi a kan cewa daga littafin nan za a fara lissafin sunayen yawancin tsire-tsire.

Na biyu maganar ajiya. A da, akasari a kan manna busassun tsire-tsire ne cikin littafi ɗinkakke, in sabo ya zo ba halin a sa shi kusa da danginsa. Shi kuwa sai ya riƙa manna tsiro ɗaya a takarda ɗaya, ba ɗinki, ya jera su hawa-hawa cikin kabad, kowane dangi da gurbinsa. Duk akawun da ya san bambancin rajista da fayil ya gane amfanin wannan dabara. Ita ce a ke bi a taskokin busassun tsire-tsire na duniya har yanzu.

Shi kansa bai taɓa fita ƙasashen Turai ba. Abokai da almajirai su ne su ka yi ta aiko masa da kaya, waɗansunsu ma a bakin ransu. Hasselquist, wanda ya zaga Masar da Falasɗinu, ya mutu a Izmir cikin 1752, Forsskal kuwa a Yaman cikin 1763. Kukarmu ma ta shiga littattafansa, ya sa mata Adansonia digitata, don girmama Adanson, wani Bafaranshe da ya sauka Senigal cikin 1749 ya yi bayaninta.

Bayan gobarar da ta ci wani sashen Upsala cikin 1766, tsoro ya kama shi, ya gina wa tarin nasa ɗakin dutse a gonarsa ta Hammarby. An tsere wa wuta, amma danshi ya yi ɓarna. Ya rasu ran 10 ga Janairu, 1778, ɗansa da ya gaje shi ya bi shi cikin 1783. Cikin 1784 matarsa ta sayar da tarin duka ga wani saurayi Baturen Ingila, James Edward Smith, a kan gini 1,000, watau fam 1,050. Smith ya kafa ƙungiyar Linnean Society a Landan cikin 1788, a hannunta kuwa takardun nan fiye da 14,000 su ke har yau.

To, an ce mutum tara ya ke, bai cika goma ba. Liniyas ya san kayansa da ka, sabo da haka abin da ya ke rubutawa a jikin takarda kaɗan ne: suna, da lamba, wani lokaci da wata 'yar alama mai nuna wanda ya aiko. A yawancinsu ba ranar da aka tsinko tsiron, ba garin. In ya sami wanda ya fi kyau ya kan musanya tsohon. Bayansa kuma ɗansa da Smith sun ƙara nasu rubutun a kai. Maganar wuri kuwa ba ƙarama ba ce. Dubi tsamiya: ya sa mata Tamarindus indica, watau ta Indiya, alhali yawancin masana sun tafi a kan asalinta Afirka ne. Ƙa'ida ba ta yarda a sake suna don wannan dalili ba, haka za a yi ta kiranta.

Wahalar ta faɗo wa na baya ne sa'ad da masana su ka kafa doka cewa kowane suna sai an ɗaura shi a kan takarda guda ko zane guda, abin komawa in gardama ta tashi. Wace ce Liniyas ya ke dubawa sa'ad da ya raɗa sunan? Wadda ta iso hannunsa bayan an buga sunan ba za ta zama shaida ba. Spencer Savage ya bi takardun ɗaya-ɗaya, ya buga jerinsu cikin 1945. Cikin 1981 aka fara wani babban aiki a gidan tarihin halittu na Landan, aka bi sunaye fiye da 9,000, ana gwada rubutun hannu, ana duba wasiƙu don a san lokacin da kowane kaya ya iso. Sai cikin 2007 aka buga sakamakon, bayan shekara 26.

Yanzu an ɗauki hoton takardun an sa a intanet, ɗalibi a Zariya ko Damagaram yana iya ganinsu daga mazauninsa. Amma hoto ba ya isa sai da ingantaccen bayani. Masu wannan aiki ba su kankare tsohon rubutu, sai dai su sa gyara a gefensa, da sunan mai gyaran da ranar. Inda ba a san gari ko shekara ba su kan bar gurbin a fili, ba su cika shi da zato. Dalili kuwa, kuskuren da ya shiga intanet zarar bunu ne, dubban mutane za su kwafe shi, mai binciken magani ko na noma ya ɗauki wani tsiro a madadin wani.

Ba mu kawo wannan don rage darajar Liniyas ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da mu ke so akawuna da malaman makaranta su riƙe shi ne, takarda ta fi mai rubuta ta tsawon rai. Wanda zai buɗe ta bayan shekara ɗari ba shi da halin tambayarmu. Sabo da haka duk abin da mu ka ajiye, ko ganye ne ko rasit, mu rubuta wanda ya kawo shi, da inda ya fito, da ranar da ya zo.